Yadda Na Kai Rama Tan'im a Kan Jaki

Tun da na dawo ban sami sakat ba a gindin ceɗiyar ƙofar gidanmu. Duk wanda ya zo barka da sauka, kafin ya haɗiye zamzam ɗin da aka tsam masa ya fara jero tambaya. Alhaji yaya teku, yaya Arfa, wai da gaske ne ka ɗora rama a jaki ka zaga Makka da ita? Wannan ta ƙarshen Gambo da muka tafi tare ne ya baza ta, kuma kullum sai ya ƙara mata gishiri. Gara in faɗa da bakina kowa ya huta, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ni Tanko manomin rama ne a Ƙiru, tufkar igiya na gada. Ramarmu ta maza ce. Da kauri muke watsa iri don ta tashi a matse, doguwa siririya ba reshe ko ɗaya, saboda reshe ɓata ɓawo yake yi. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ya kai ni.

Babana yana da ƙanwa, Goggo Tasalla. Tun ina goye ta kama hanyar gabas a ƙafa ita da mijinta. Mijin ya rasu a Sudan, ita ta ƙarasa Makka da jariri a baya, ta zauna tana tuyar ƙosai. Bayan an gama yaƙin Bama sai wani alhajin Gwarzo ya kawo mana saƙonta, wai jiki ya yi rauni, abinci ba ya shiga, kuma ba abin da ranta ke so a duniya sai kwaɗon rama. Ranar da zan tashi Baba ya kira ni. A lokacin idonsa ya riga ya tafi. Ya lalubo hannuna ya ce, "Ban ce ka kawo mini tasbaha ko dabino ba. Ka tabbata Tasalla ta ci rama. Kuma ka shirya kunnenka, tun tana yarinya ba a taɓa ba ta abinci ta yaba ba."

Na ɗaure buhun busasshiyar rama da ƙunshin ƙuli-ƙuli. Mai ɗakina kuma ta ce in tafi da irin rama ko Allah ya sa ya yi rana, ta sa baduku ya ɗinke shi cikin 'yar jakar fata, na rataya a wuya.

Abokin tafiyata Gambo ne, tsohon soja, mutumin da ya san komai ban da yin shiru. Daga Kano muka hau babbar mota zuwa Yerwa, daga nan Fallomi a ƙasar Faransa. Tun daga Fallomi har Abashe ban san ko mu muka hau motar ko ita ta hau mu ba, don rabin hanyar turi muke yi cikin yashi, direba yana zaune yana zaginmu da Larabcin Shuwa. Mutanen ƙasar kuwa ba su san fura ba. Ka sauka a gajiye maƙogwaro a bushe, sai a miƙo maka shayi cikin ɗan kofin da bai kai ludayi ba, a tsaya ana jiran ka yi godiya.

A Jinena, bakin iyakar Sudan, aka jera mu aka caccake mana dantse da allura. A nan na buɗe ƙunshin ƙuli na tarar da shi ya rame. Gambo ya ce rage mini nauyi yake yi saboda Allah. Kafin mu isa Ubayyid mu hau jirgin ƙasa, ya gama yi mini wannan alheri har garin bai bari ba. Muka koma cin kisra, wani abu siriri mai tsami kamar an shafa ƙullu a takarda. Da farko na raina ta, daga baya har nema nake yi.

A Sawakin, bakin teku, aka tsare mu a karantina. Suka karɓi kayan kowa suka zuba cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai tururi, wai don kashe cuta. Na roƙi ma'aikacin da hannu da ka, na nuna masa baki, na nuna masa ciki. Ya ce "ɗayyib, ɗayyib," wato ya ji, amma ya jefa buhuna ciki. Da aka fito da shi sai ga ramata ta dahu luguf, tana ɗigar ruwa, tana warin magani. Sun yi mini kwaɗo ba gishiri. Na zauna a kan yashi na rasa abin da ke mini daɗi, Gambo yana ta dariya har da buga ƙafa. Allah ya saka mini a jirgin ruwa. Mutumin da ya cika mini kunne cewa ya ƙetare tekun da ya ninka wannan, shi ya fara amai tun ana hango gaɓa.

A cikin jirgi muka ɗaura harami, saboda haka muka sauka Jidda ƙirji a buɗe, jakar fata na reto a wuyana. Wani askari, wato ɗan sandansu, ya hango ta, ya taho yana faɗa, "Haram, ya Hajj, haram!" Shi a ganinsa laya ce, su kuwa ba sa wasa da laya. Ya farke ta da wuƙa yana neman rubutu, sai iri ya zubo masa a tafi. Ya duba, ya shinshina, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya tofar. Ya juye mini sauran a hannu, ya yi mini alamar in wuce, ya ce "yalla." Haka na shiga mota da iri a dunƙule cikin hannu har Makka.

Ranar da na ga Ka'aba ba zan iya ba ku labarinta ba. Na tsaya na yi kuka kamar yaro, duk addu'ar da na haddace a hanya ta gudu. Gani ya kori ji, Allah ya kai kowa.

Gidan Goggo yana unguwar Misfala, cikin wani lungu da jaki biyu ba sa wucewa tare. Ɗanta Abdurrahman, wanda aka shigo da shi a goye, yanzu magidanci ne mai kanti a unguwar Mansur. Taubashina ne, saboda haka ina ganinsa na ce, "Ina bawan nawa? Zo ka karɓi kayan ubangijinka!" Fuskar mutumin nan ta yi baƙi ƙirin. Ashe bai san wasan taubasai ba, ga shi kuma a garin har yanzu akwai bayi na gaske. Sai da muryar Goggo ta fito daga ɗaki tana cewa, "Rabu da shi, ya waladi, ɗana, ɗan Yaya ne, haka ake yi a gida," sannan ya saki rai ya rungume ni.

Na same ta kwance, ta zama kamar kara. Kunu kaɗai take kurɓa, shi ma sai surukarta Zainabu ta yi ta lallashi. Ba ta tambayi Baba ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta ce, "Ina ramar?" Na ba ta labarin tukunyar Sawakin. Ta juya fuska bango, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na buɗe ƙullin irin na sa mata a tafi, ta daɗe tana murza shi. Ta ce, "To, yi sauri. Ban san ko zan jira ta ba."

Shuka a Makka ba wasa ba ce, gari ne na dutse. Muka samo garewanin kananzir muka huda gindinsu, na ɗebo ƙasa a kwari na cuɗa da kashin awaki, muka jera su a saman soro. Ruwa kuwa saye ake yi wajen 'yan ga-ruwa, ba a zubar da ko ɗigo. Sai na kafa doka, duk mai alwala a gidan ya hau sama ya yi ta a kan garwa. Ban taɓa ganin ramar da ta sha ruwan alwala sau biyar a yini ba sai wannan. Ga rana kamar wuta, ba a jima ba ta tsiro, ta miƙe sambal. Ina kallonta ina jin daɗi, don ko a gonata ban taɓa samun mai kyan tsayi haka ba.

Da ta kai tsawon kamu, na sauko da garwa ɗaya na ajiye a gaban Goggo ina jiran yabo. Ta dube ta sama da ƙasa.

Ta ce, "Igiya za ka tufka mini in rataye kaina?"

Na ce, "Goggo, ai rama ke nan ta yi kyau."

"Ramar maza ke nan. Ka ƙirga ganyen, ko bakin akuya zai cika? Ba ka taɓa ganin ta bayan ɗakin uwarka ba? Tsinke mata kai ake yi da farce, tohon can na sama. In ta rasa hanyar sama sai ta fito da rassa ta hammatar ganye. Su ma in sun tasa a sake tsinkewa, ta baje ta yi ganye. Jeka tsinke su duka."

Raina bai so ba, shekara da shekaru ina yaƙi da reshe. Amma na hau sama, na kai farce ke nan sai Gambo ya cafke mini hannu.

Ya ce, "Kai, ka san inda kake? Harami ne fa! Ba a cire ko ciyawa a nan. Ganye ɗaya rago ɗaya, da kunnena na ji."

Na dubi garewanin nan, sai na ga garken raguna. Goggo ta ce zancen banza ne, ta sa Zainabu ta je ta tsinke, ita ma da ta ji batun rago ta noƙe. Abdurrahman ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wallahi ma adri, ni tajiri ne, ba na zira'a." Wato bai sani ba, shi ba manomi ba ne. Za ku ce me ya hana ni tambayar malami. Kunya ce. Mutane suna zuwa da manyan mas'aloli na gado da aikin hajji, ni in tsuguna in ce rama? Kwanaki suna tafiya, rama tana ƙara tsawo, Goggo tana ƙara ramewa.

Sai dabara ta zo mini. Idan a cikin Harami ne ba a tsinka, to, a fita da ita waje mana. Tan'im ba nisa, can mutane ke zuwa ɗaura haramin umra, a nan iyakar take. Na ɗauko hayar jakuna biyu wajen wani Bayamale, muka ɗora garewanin a mangala, na lulluɓe su da tsohon zane saboda rana. Da sassafe muka fita, Gambo yana gaba yana jan na farko, ni ina can baya ina kora na biyu. Maƙwabcinmu Usta Fahmi, wani Bamisire mai sayar da dafaffen wake da suke kira ful, yana ƙofar shagonsa yana binmu da ido. Muka ratsa gari, muka wuce unguwar Zahir, Gambo yana ba ni labarin dajin Bama da ƙarfi, ni ina amsawa daga baya.

Muna isa ginshiƙan iyaka na zaga gaba in sauke kaya. Zanen ya zame, garewanin jakin farko kuwa an yi musu aski tas, sai guntayen kara. Jakin baya yana tsaye yana tauna, koren ruwa na bin leɓensa. Ashe tun daga Zahir yake kiwo, kuma duk a cikin Harami. Na tsinke kan waɗanda suka rage, muka juyo.

Yanzu kam dole ta sa na aje kunya. Na sami wani tsohon malami Basakkwace da ke karantarwa a gefen masallaci, na tsuguna na zayyana masa komai. Na ce, "Allah gafarta Malam, ragunan nan ni zan yanka ko mai jakin?" Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Ya ce, "Ɗiyana, abin da ya tsira da kainai shi aka hana cirewa. Wanda ɗan Adam ya shibka da hannunai, nashi na, shi yanke shi ci. Wanga jaki ya hi ka hiƙihu."

Da na gaya wa Gambo sai ya ce ai shi ma abin da yake nufi ke nan.

Maganar Goggo ta fito. Ba a daɗe ba kowace rama ta fitar da rassa ta gefe, na sake tsinke musu kai, wannan karon a saman soro ba tare da jaki ba. Waɗanda jakin ya aske sun yi jinkiri, amma da suka farfaɗo sai suka fi sauran cika. Soron ya yi kore shar. Kun san kuma rama in ta girma ganyenta yakan rabu kamar yatsun hannu. Kullum da safe Goggo sai ta ce, "Ta yi?" in ce saura kaɗan. Muryarta kuwa kullum ƙara yin ƙasa take.

Ranar da muka sa za a tsinki ganye, Zainabu ta riga ta soya ƙuli da gyaɗar Sudan. Ana wata ga wata, sai muka ji ana dukan ƙofa. Umda ne, wato mai unguwa, da askari a bayansa, da Usta Fahmi yana ta nuna sama yana cewa, "Hashish! Wallahi hashish!" Abdurrahman ya fassara mini. Wai wata taba ce mai juya kai, wadda ake yi wa mai ita bulala a kore shi daga ƙasar. Usta ya san ganyenta tun a Masar, ya leƙo daga soronsa ya ga irinsa sak, ya kuma ga na fita da ita bayan gari a lulluɓe na dawo. Tsoro ya kama shi kada a ce da saninsa, soronmu da nasa katanga ɗaya ce.

Muka hau sama. Gambo ya gyara tsayuwa irin ta soja ya ce a gaya wa umda shi ya san wannan taba sarai, wiwi ake ce mata, kuma wannan ba ita ba ce, ko ƙanshin ba ɗaya ba. Umda ya juyo ya ce a tambaye shi a ina ya san ƙanshinta. Kafin Abdurrahman ya gama fassara, Gambo ya tuna bai yi sallar walaha ba.

Na yi rantsuwa, na ce abinci ne, na kwaikwayi ci da hannu. Umda ya ce a tafi da su gaba ɗaya, masu sani su duba. Na san in garewanin nan suka fita, kafin a gama dubawa sun bushe, kuma Goggo ba ta da kwanakin jiran wata shukar. Askari ya rungumi garwa ɗaya ya fara sauka. A ƙasan matakala ya ci birki.

Goggo ce a tsaye, matar da ta yi watanni ba ta taka bakin ƙofa ba. Hannu ɗaya a bango, ɗaya riƙe da muciya. Ta buɗe baki da Larabcin 'yan kasuwa, abin da na tsinta kaɗan ne, sauran Abdurrahman ya ba ni daga baya.

Ta ce, "Ya umda, kai ne? Ba kai ne kake tsayawa gaban kaskona ba wando kana lashe baki ba? Yau ni ce mai hashish? Ajiye mini kayana!"

Ta fizgi ganye daga garwar ta cusa a baki ta tauna, ta fizgi wani ta miƙa masa. Umda ya dubi askari, ya dubi muciya, ya karɓa ya tauna. Nan take fuskarsa ta tattare, ido ɗaya ya rufe, don ɗanyar rama ba ta da mutunci wajen tsami. Ya ce, "Karkade?" wato zoɓo. Abdurrahman ya yi wuf ya ce, "Aiwa, ɗan'uwansa ne!" Umda ya sa aka ba Usta Fahmi har ganye uku, ya tsaya sai da ya ga ya haɗiye. Sannan ya sumbaci kan Goggo ya ce ta yafe masa, suka fita.

Ba ta koma kwanciya ba. Ta zauna a tabarma tana ba da umarni, a tafasa, a zubar da ruwan fari, a matse, kada a cika albasa. Aka daka ƙuli da barkono aka kwaɗa, na ajiye mata kwanon da hannuna. Duk gidan muka zuba mata ido. Ta yi bisimilla ta kai loma, ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, "Ƙulin bai ji wuta ba. Ramar ma ba ta kai ta bayan ɗakin Inna tsami ba."

Ta sake kai loma, ta sake. Ta cinye tas, ta suɗe kwanon da yatsa. Sannan ta fara tambayata mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, wane yana nan, wance fa, rijiyar ƙofar gida har yanzu tana ruwa? Yawancin waɗanda ta ambata sun rasu. Tana kuka ina kuka, Zainabu da ba ta san ko ɗayansu ba ita ma tana share hawaye.

Daga ranar kullum sai an yi mata kwaɗo, kullum kuma sai ta sami abin kushewa. Har Usta Fahmi ya riƙa aiko da ful a ba shi ganye. Muka hau Arfa muka sauko tana nan. Ina shirin komowa gida Allah ya karɓi abarsa, da hannuna na sa ta a kabari a ƙasar Makka. Na bar wa Zainabu garewanin, ta iya tsinke kai yanzu, ta kuma ware biyu su yi tsawo don iri.

Labarin rasuwar ya riga ni isowa Ƙiru, wasu alhazai sun kawo shi. Na shiga zaure jama'a cike, na durƙusa gaban Baba. Ya shafa fuskata da hannu biyu. Bai tambaye ni hanya ba, bai tambaye ni jinyarta ba.

Ya ce, "Ta ci?"

Na ce, "Ta ci, Baba, har ta suɗe kwano."

Kamar bai gamsu ba, ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce ƙulin bai ji wuta ba, kuma ramar ba ta kai ta bayan ɗakin Inna ba."

Sai tsohon nan ya ƙyalƙyale da dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ita ce. Wallahi Tasalla ce. Ka isar da saƙo, Allah ya yi maka albarka."